Yadda guruf ɗin masu jita zai riƙe sautinsa ya daina bin abinda ake yayi

Ranar Asabar da ta wuce bayan isha'i wasu samari huɗu suka same ni a ƙofar shago a Yelwa nan Bauchi, ɗalibai ne da suke zaune a Gwallameji, sun haɗa guruf na kiɗan rok kusan shekara biyu kenan, masu jita biyu, mai bas, mai ganga. Babbansu ya miƙo min waya yace yaya dan Allah ka saurari waɗannan guda biyun ka faɗa mana gaskiya. Na farkon a ɗakin da suke rihazal suka ɗauka, kana jin ƙarar janareta ta baya har da wani da yayi tari a tsakiya, amma wallahi tun bugun farko tsigar jikina ta tashi, jitar tana gurnani, mai gangar yana ɗan jan baya kaɗan irin yadda masu kalangu suke yi, muryar mai waƙar kuma a buɗe take. Na biyun waƙar ce dai ɗaya amma an kaita situdiyo, an cire mai ganga an sa bit ɗin amapiano, kiɗan kwamfutar nan da ake yayi, an danne jitar can ƙasa kamar kukan sauro, muryar kuma an shafe ta da ototun, na'urar nan mai gyara murya a kwamfuta, har ban gane cewa yaron da ke tsaye a gabana ne ya rera ba. Nace musu na farkon naku ne, na biyun na kowa ne. Sukayi shiru, dan na biyun suka kashe wa kuɗi.

Nima na taɓa tsayawa a inda suke tsaye. Wajen shekara goma sha biyar kenan ina riƙe da jitar bas, na kaɗa a biki na kaɗa a taron ɗalibai na kaɗa a wajen da mutum bakwai ne kawai suka zo, shiyasa nace bari in zauna in tsara musu abinda na sani, su da duk wani ƙanina ko ƙanwata a Bauchi ko Gombe ko Azare ko Kaltungo da yake da guruf yana ta waswasi ko ya watsar da salonsa ya bi abinda ke tashe. Nasan abinda za'a fara ce min, ai in kiɗa ya canza rawa ma dole ta canza. Haka ne, amma wannan maganar mai rawa ake faɗa wa. Ku ba masu rawa bane, ku ne makaɗan.

Abinda yawancin guruf suke tsallakewa shi ne su san menene ma sautin nasu tukunna. In ka tambaya sai suce mu rok muke yi, toh rok ɗin ai daji ne, a wane gefe kuke? Ga yadda zakuyi. Ku samu waya guda ɗaya ku dinga ajiye ta a waje ɗaya a ɗakin rihazal, kar tayi kusa da ganga dan gangar zata cinye komai, kan kujera a ɗaya ɓangaren ɗakin ya isa. Ku ɗauki duk rihazal ɗin da kukayi har tsawon wata guda kar ku goge ko ɗaya, har wanda kuka ɓata kuka tsaya kuna gardama. Ƙarshen wata ku zauna babu kayan kiɗa a hannun kowa, a sayo masa a dafa shayi, ku saurara tun daga farko. Kowa ya riƙe biro da takarda ya rubuta wurin da yaji abin ya taɓa shi, rana kaza minti kaza, kuma kar kowa yayi magana sai an gama. Zakuyi mamakin yadda mutum uku cikin huɗu zasu rubuta wuri ɗaya. Wannan wurin shi zaku tono. Me mai ganga yake yi a nan? Bas ɗin ganga yake bi ko murya? Jitar a wanke take ko tana gurnani? Mai waƙa yana can sama ne ko ya sauko ƙasa? Abinda zaku samu bazai wuce abu biyu ko uku ba, su ne ƙashin bayanku, ku rubuta su da manyan baƙi ku manna a bango.

A guruf ɗinmu namu guda uku ne. Ganga ta hannu ba ta kwamfuta ba, amshi na mutum uku a kowace waƙa irin na makaɗan gargajiya, sai bas mai magana kamar kalangu maimakon ya kwanta a ƙasa yana dum dum kawai. Duk sauran abubuwa, saurin waƙa, tsawonta, maganar da ke cikinta, kayan da muke sawa, ana iya taɓa su yadda aka ga dama, amma waɗannan ukun ba'a ciniki a kansu. Akwai kuma wani gwajin, ranar da aka ɗauke wuta kuma babu mai a janareta kar ku watse. Masu jita su kaɗa haka nan ba amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, mai ganga ya samu jarka ko ya daki cinyarsa, mai waƙa ya rera ba mayik. In har ƙanwarka tana tsakar gida ta gane wace waƙa ce kuma ta gane ku ne, toh sautin a hannunku yake. In kuwa waƙar ta watse da zarar babu na'ura, akwai sauran aiki.

Ku duba guruf ɗin rok ɗin nan AC/DC. Wa da ƙani ne, Malcolm Young da Angus Young, suka kafa ta a birnin Sidni na Ostiraliya a 1973. Daga lokacin zuwa yau disko yazo ya wuce, kiɗan fiyanon lantarki na shekarun 1980 yazo ya wuce, rap ya mamaye duniya, su kuwa suna nan da jita biyu, bas, ganga, murya, shikenan. Angus da jitarsa Gibson SG, Malcolm da tasa Gretsch, a jona a amfilifaya Marshall kusan babu wasu na'urorin ƙawata sauti a tsakani. An sha yi musu gorin wai duk faya-fayansu iri ɗaya ne, basu fasa ba. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a watan Fabrairun 1980, suka ɗauko Brian Johnson, a cikin wannan shekarar suka fitar da Back in Black wanda har yau yana cikin faya-fayan da aka fi saya a tarihi. Kaga murya ta canza gaba ɗaya amma babu wanda ya kasa gane su, dan ƙashin bayansu ba a maƙogwaron mawaƙi yake ba, yana hannun daman Malcolm ne, yadda yake dukan tsirkiya ya bar fili tsakanin bugu da bugu. Sun san abinda ya kamata su tsare. Kuma ba sai munje Ostiraliya ba, Alhaji Mamman Shata da kalangu da 'yan amshi ya rayu har ya rasu a 1999, zamanin fiyano ya same shi da ransa bai koma ba. Ɗan Maraya Jos kuntigi ne a hannunsa, tsirkiya ɗaya tak a jikin ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da shi ya fita ƙasashen waje, da shi aka san shi har ya rasu a 2015.

Da kun gano sautin ku ɗaure shi kar ya gudu, kuma ɗaurewa ta zahiri nake nufi. A jikin amfilifaya akwai abubuwan murɗawa, na gen wanda ke ƙara gurnani, na bas, na tsakiya, na tirebul wato siririn sauti. Ranar da kukaji sautin ya zauna daram ku manna salatif na takarda ku ja layi da biro a inda kowanne ya tsaya, ku ɗauki hotonsa a waya, dan in kunje wasa a wani hol aka baku kayan haya kuna da inda zaku fara. Masu jita dan Allah ku rage gen. Yara suna son murɗe shi har ƙarshe saboda yana ɓoye kuskuren yatsa, amma yana ɓoye hannunka ma, kowa sai ya koma sauti ɗaya kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Mayar da shi rabi, ƙara na tsakiya, ka bar ƙarfin ya fito daga yadda kake duka. Kaurin tsirkiya ma kar a dinga canzawa, in da lamba 10 ka saba tsaya a kai, in za'a aika Jos ko kasuwar Alaba a Legas kace a sayo maka saiti biyu ko uku lokaci ɗaya. Sannan hunturunmu na nan baya raga wa katako, iskar Disamba da Janairu tana busar da wuyan jita har ya ɗan lanƙwashe, bakin ƙarafan jikinsa su fara kartar hannu, sauti ya fara zizara. Ka ajiye ta cikin jakarta, ka sa ɗan soso mai laima a cikin robar da ka huhhuda ka jefa a ciki, kar ka jingina ta jikin taga. Da damina kuma tsatsa ce, ka goge tsirkiya da ƙyalle duk bayan wasa. Wani zaice meye haɗin wannan da bin yayi. Haɗin shi ne guruf da yawa ba son kiɗan kwamfuta ne ya kaisu can ba, kayansu ne suka lalace sauti yayi muni, sai furodusa yace ku bari kawai in sa muku nawa, suka bari.

Yanzu maganar da tafi damuna, wato daga ina zaku ɗebo sautin. Wasu sun ɗauka riƙe salon rok yana nufin kwaikwayon Turawa daidai wa daida. Wanda ya ƙi bin amapiano ya koma haddace wasan wani ɗan Amurka a YouTube yatsa bayan yatsa shima aro yake yi, kuma kayan aro baya rufe katara. Ku dubi maƙwabtanmu Abzinawa. Tinariwen 'yan arewacin Mali ne, sun ɗauki jitar lantarki suka ɗora mata waƙoƙinsu da tafinsu da yarensu na Tamashek, a 2012 suka ci kyautar Grammy da faifan Tassili wanda a cikin hamadar Aljeriya suka ɗauke shi. Bombino ɗan Agadas yaje har Nashville a Amurka yayi faifan Nomad na 2013 tare da Dan Auerbach na Black Keys, amma da yarensa ya rera kuma karin jitarsa na gida ne. Wanda nafi so kuyi nazarinsa shi ne Mdou Moctar, shima ɗan Nijar ne, bahago, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayoyin keke. Faifansa na farko Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma cike yake da ototun da gangar kwamfuta irin na waƙoƙin finafinanmu na lokacin, waƙoƙin sukayi ta yawo daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth. Kenan shima ya taɓa shiga ruwan abinda ake yayi. Amma abinda duniya ta san shi da shi yau, kamar faifan Afrique Victime na 2021, mutum huɗu ne, jita biyu, bas, da ganga ta hannu mai gudu kamar a filin biki. Ya koma kan abinda hannunsa ya iya ne sannan ƙofofi suka buɗe.

Dalilin da yasa kiɗanmu da jitar rok suke jituwa shi ne yawancin karin waƙoƙin wannan yankin namu akan sauti biyar suke tafiya, jerin sautin da masu kiɗan bulus da rok suka fi wasa da shi a jita shima mai sauti biyar ne, wanda ake kira fentatonik. Ka gwada yau ɗin nan, ɗauki waƙar da kakarka take yi wajen daka ko wajen lallashin yaro, ka lalubo ta a wuyan jita, zakaga yatsunka sun faɗa inda suka riga suka saba. Mai ganga kuma aikinsa yafi na kowa. Yaje ya zauna kusa da masu kalangu a gidan biki ko a filin dambe, ranar hawan sallah ya tsaya wajen fada ya saurari tambura da algaita yadda suke amsa wa juna. Ya gaishe su da ladabi, baba ko kawu ina son in koya, ya nemi izini kafin ya ɗauka a waya, yayi musu alheri, ya tambayi sunan kiɗan da kuma wa ake yi wa shi. In ya dawo ɗaki sai ya raba, bugun ƙasa ya baiwa babbar gangar ƙafa, bugun sama ya baiwa sinaya, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti, abinda ƴan amshi suke yi da tafi ya ɗora a kan farantin ƙarfen da ke jikin gangar. Sati biyu na farko bazai yi daɗi ba, yaci gaba. In a cikinku akwai ɗan Tafawa Balewa ko Dass ko Billiri ko Tula, ko Bafulatanin da ya tashi yana jin sarewa a ruga, toh arziki ne a hannunku da babu wani guruf a Legas ko Landan da yake da shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Haka ma harshe. Kuyi waƙa da bakin da kuke magana da shi, in Hausarku ta Bauchi ce ku barta haka kar ku murɗe harshe kuna neman ta wani gari ko Turancin da baku yi da shi a gida. Kuma ku lura Hausa tana da hawa da sauka a cikin kowace kalma, ga dogon wasali ga gajere, in ka ɗauko karin waƙar waje ka cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfi sai kaji maganar ta karye, tsoho yaji yace wannan wane yare ne. Ku fara rubuta baitin, ku faɗe shi da baki sau goma kamar kuna hira, karin zai fito da kansa daga hawa da saukar maganar, sannan jita ta biyo baya.

Toh in sabon abu ya fito yana tashe fa? Dokar da muka sa wa kanmu ita ce wata shida. Duk wanda ya kawo sabon salo a rubuta a ajiye, in bayan wata shida har yanzu yana sonsa sai a gwada a ɗakin rihazal, da hannu, ba da kwamfuta ba. Yawanci kafin lokacin ya cika shi kansa wanda ya kawo ya manta. Wanda ya rage kuwa da zarar kun kaɗa shi da hannunku ya riga ya fara zama naku. Ɗauki amapiano, daga Afirka ta Kudu ya taso, abinda ke jan mutane a cikinsa shi ne wannan bas ɗin mai dukan ƙirji da suke kira log duram. In yana burge ka babu laifi, ka zauna ka gano yadda yake tsalle yana barin fili, ka koya wa yatsunka a bas ɗinka, ka saka a waƙa ɗaya. Wannan koyo ne. Amma a ce mai bas da mai ganga su koma gefe na'ura ta karɓi aikinsu, wannan rushe gida ne.

Sai da muka ƙone hannu muka sa wannan dokar. Lokacin da amapiano ya fara shigowa wani furodusa ya zaunar damu yace zamanin ganga ya wuce, in muna son a jimu a wajen Bauchi mu bashi dama. Muka tara kuɗin biki uku muka kai masa, mukayi waƙa huɗu a kwana biyu. Duk kwana biyun nan mai gangarmu yana zaune a benci a waje dan babu abinda zaiyi a ciki, ya ɗora sandunansa biyu a cinya yana kallon titi, in na fito shan iska sai yace ya ake ciki, ince ana kai. Waƙoƙin suka fita, babu wanda ya zage su babu kuma wanda ya riƙe su. Ranar da mukazo wasa a wani hol muka kasa kaɗa su saboda ba da hannu aka yi su ba, sai DJ ya saka muna bi da baki. Bayan an tashi wata baiwar Allah da take zuwa wasanmu ita da maigidanta tun farkon farawarmu ta tsayar dani a bakin ƙofa tace malam yau dai ban jiku ba. Wata biyu bayan nan mai gangar ya bar mu ya koma Jos. Garin neman gira muka rasa ido, kuma har yau in na tuna sandunan nan a cinyarsa raina yana ɓaci, dan ni nafi kowa matsawa aje.

Manya ma sun taɓa faɗawa. Guruf ɗin Kiss ta Amurka a 1979 ta fitar da waƙa mai salon disko saboda shi ake yayi, tayi kasuwa sosai, amma tsoffin masoyansu da yawa suka ja baya, sai a 1982 suka dawo da sauti mai nauyi. Metallica a 2003, lokacin da ake yayin rok ɗin da babu solo na jita, wato wurin da ake bar wa mai jita fili ya nuna gwanintarsa, ta fitar da St. Anger babu solo ko ɗaya, masoya sukayi ta ƙorafi, a 2008 suka dawo da shi a Death Magnetic. Su suna da kuɗi da sunan da zasuyi kuskure su dawo. Guruf ɗin Gwallameji in ya rasa mai ganga ɗaya ba lallai ya samu wani ba.

Situdiyo nan ne wajen da aka fi yanka guruf, dan haka ku shiga da shiri, ba'a fafe gora ranar tafiya. Kar ku kai waƙar da baku kaɗa ta a gaban mutane aƙalla sau biyar ba. Kafin ku biya ko sisi kuje ku ga ɗakin, ku tambayi furodusan kai tsaye, oga ka taɓa ɗaukar ganga ta hannu, mayik nawa gareka, saka mana wani aiki da kayi da jita muji. Yawancin situdiyon garuruwanmu an gina su ne dan mutum ɗaya da mayik ɗaya da fiyano, ba laifinsu bane, aikin da kasuwa take kawo musu kenan. In ɗakin bazai ɗauki ganga ba ku roƙe shi ya ɗauko kwamfutarsa da mayik ɗinsa yazo ɗakin rihazal ɗinku, ku rataya barguna ku jingina katifa a bango, ku ja janareta nesa da doguwar waya, ku ɗauka da daddare in gari yayi shiru babu ƙarar keke napep. Mayik uku ko huɗu sun ishi ganga, ɗaya gaban gangar ƙafa, ɗaya kan sinaya, ɗaya ko biyu a sama. Ku kaɗa gaba ɗaya kuna kallon juna, murya ce kawai za'a sake daga baya in ta kama. Ku saka masa rikodin ɗin wayarku na rihazal kuce ga mu nan, haka muke so ya fito, tsaftacewa kawai zakayi. Lokacin mikisin, wato haɗa sautin kayan wuri ɗaya, mutum biyu su zauna da shi ba dukkanku ba, dan in kun taru kowa cewa zaiyi a ɗaga nasa. Ototun in ma za'a sa a gyara wuri ɗaya ko biyu da murya ta zame, kar a shafe ta dukka. Ku ƙulla magana tun farko cewa za'a baku fayil ɗin kowane kaya daban daban a filas, dan ko gobe kuna son wani ya sake haɗawa. Kuma kafin kuce kun amince ku saurara a wayar da tafi kowacce araha da sifikar mota, a nan mutanenku zasu ji, in jita ta ɓace a can ku koma a gyara.

Maganar kuɗi bazan muku ƙarya ba, rok baya ciyar da mutum a Bauchi a yanzu, kuma yunwa ce tafi komai tura mutane bin yayi. Abinda yayi mana aiki shi ne raba aiki gida biyu. Aikin biki daban, uwar amarya ta biya kuɗinta abinda take so shi za'a kaɗa mata, waƙar da ke tashe, kiɗan ƙwarya, har amapianon ma, kuyi shi da kyau da mutunci ku karɓi liƙinku, wajen ƙarshe ku roƙi MC ya baku fili ku saka naku ɗaya ko biyu. Aikin guruf kuma daban, duk abinda zai fita da sunanku dole ya bi ta takardar nan da ke manne a bango. Daga kowane biki ku cire kaso ɗaya kamar akwai mutum na biyar a cikinku, ku zuba a asusun guruf, shi zai sayi tsirkiya da fatar ganga da man janareta da kuɗin ɗaukar waƙa. Kowa kuma ya riƙe sana'arsa ko karatunsa, ba abin kunya bane, Almeida shugaban guruf ɗin Tal National ta Yamai aikin alƙali yayi kuma yana kaɗa jitarsa. Wanda yake da abin cin tuwo a wani wajen ba'a saye masa sauti da araha.

Masu sauraro kuma ku tara su sannu a hankali. Ku samu wuri ɗaya ku dinga wasa sau ɗaya a wata, rana ɗaya, ko mutum ashirin ne, ku karɓi lambobinsu ku buɗe musu guruf a WhatsApp. TikTok ku saka abinda kuke yi a ɗaki yadda yake, daƙiƙa talatin na wurin nan da dukkanku kuka rubuta a takarda, amma kar a shigo da maganar mutum nawa suka kalla cikin ɗakin rihazal, a barta a waje tare da takalma. Masu masar garin nan shawarma ta shigo bata sa sun canza ƙullunsu ba, kuma har yanzu matafiyi sai ya tsaya yayi guzuri kafin ya kama hanya.

In wani ya tafi, kuma wani zai tafi, aure ko bautar ƙasa ko aiki zai ɗauke shi, kar ku ɗauki wanda yafi kowa gudun yatsa, ku ɗauki wanda yafi kowa kunne. Ku bashi rikodin ɗin rihazal ya zauna da su sati biyu kafin ya taɓa kaya a gabanku, ranar gwaji ku kaɗa waƙa mafi sauƙi da kuke da ita ku ga ko zai iya haƙuri ya bar fili. Da rashin lafiya ta kwantar da Malcolm Young a 2014 ɗan wansu Stevie Young aka ɗauko, wanda ya san wannan hannun tun yana yaro.

Yaran nan sunce zasu dawo Asabar mai zuwa. Nace suzo da wayar nan guda ɗaya da salatif da biro huɗu, mai gangar kuma ranar Juma'a ya fara biyawa wajen masu kalangun da zasuyi kiɗan biki a unguwarsu ya gaishe su. Waƙar da aka ɓata musu ita zamu fara sake ɗauka, a ɗakinsu, ƙarfe goma na dare. Na riga na aro barguna uku, saura doguwar wayar janareta.